Mudu Ɗaya Ga Kowa: Ƙa'idojin Taimakon Waɗanda Ta'addanci Ya Shafa

Duk wanda ya zauna a Nijeriya daga shekarar 2009 zuwa yau ya san abin da kan biyo bayan harin 'yan ta'adda. Shugabanni sukan je jaje, a zagaya asibiti, a yi alkawarin ɗaukar nauyin maganin waɗanda suka ji rauni, a sauke buhunan shinkafa da barguna, wani lokaci kuma a naɗa kwamiti. Wannan duk alheri ne, ba wanda zai ƙi shi. Amma in mai karatu ya lura da kyau, zai ga yawan abin da ake bayarwa ya danganta ga yadda labarin ya bazu. Harin da ya auku kusa da babban birni, inda 'yan jarida suka isa tun hayaƙi bai lafa ba, mutanensa sukan sami kulawa. Ƙauyen da aka ƙone can ƙurmus da daji, wanda labarinsa bai isa gidan rediyo ba sai bayan kwana uku, mutanensa sukan binne 'yan'uwansu su watse, ba a rubuta ko sunansu ba. Alhali kuwa maraicin yaron birni da na yaron ƙauye duk ɗaya ne.

A kasuwar hatsi, mudu ne ke hana rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. In kowa ya zo da nasa ƙoƙon awo, to, mai baki da mai ƙarfi su za su kwashe kaya. Abin da ake nufi ke nan da kafa ƙa'idojin taimako, watau a rubuta tun kafin masifa ta auku: wane ne ya cancanci taimako, me zai samu, daga hannun wa, cikin kwana nawa, kuma ina zai kai kuka in an hana shi. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a inda duniya ta kai a kan wannan sha'ani, da inda ƙasarmu ta tsaya.

Asalin maganar

Ran 29 ga watan Nuwamba, 1985, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sanarwa game da haƙƙin mutanen da aka yi wa laifi. Ta tsayar da abu huɗu: a ba mutum damar neman shari'a tare da girmama shi, a mayar masa da abin da aka ƙwace, a biya shi diyya, a kuma taimake shi da magani da sauran bukatun rayuwa. Ta ƙara da cewa in ba a iya samun diyyar daga hannun mai laifin ba, ya kamata gwamnati ta yi ƙoƙarin biya. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ginshiƙi a sha'anin ta'addanci, domin wanda ya tayar da bam a jikinsa ba ya barin gadon da za a biya kowa da shi.

Daga nan aka yi ta ɗora gini. Cikin 2006 Majalisar ta fitar da tsarinta na yaƙi da ta'addanci, wanda ya ambaci kula da waɗanda abin ya rutsa da su. Cikin 2017 aka keɓe 21 ga watan Agusta na kowace shekara domin tunawa da su. Sa'an nan cikin 2022 ofisoshin Majalisar biyu, tare da Ƙungiyar Majalisun Dokoki ta Duniya, suka fitar da samfurin doka wanda kowace ƙasa za ta iya dubawa ta tsara tata, aka kuma yi babban taron waɗanda ta'addanci ya shafa na farko a birnin New York cikin watan Satumba na wannan shekara.

Sai dai lalle mai karatu ya gane cewa waɗannan takardu shawara ce. Ba alƙalin da zai tilasta wa gwamnati biyan sisin kwabo saboda su, sai majalisar dokokin ƙasa ta mayar da su doka, an kuma ware kuɗi.

Wane ne abin ya shafa?

Tambayar tana da sauƙi a baki, amma a nan ne yawancin zalunci ke ɓuya. Sanarwar 1985 ta ce ana lasafta mutum cikin waɗanda aka cuta ko da ba a gane mai laifin ba, ko ba a kama shi ba, ko ba a yanke masa hukunci ba. Ta kuma haɗa da iyalinsa na kusa, da waɗanda yake ciyarwa, da wanda ya ji rauni wajen kai ɗauki. Ke nan ɗan acaɓan da ya ruga ya ɗauki mai rauni, bam na biyu ya same shi, yana cikin lissafi.

A ƙasashen Turai, in an ce iyali ana nufin mata ɗaya da 'ya'ya biyu ko uku. A nan kuwa magidanci guda yana iya barin mata uku, da 'ya'ya goma sha biyar, da tsohuwar uwa, da 'ya'yan ƙanensa da yake riƙo. In ƙa'ida ba ta faɗi yadda za a raba ba, kuɗin yakan faɗa hannun namijin da ya fi kusa da ofis, amarya da 'ya'yanta ƙanana su tashi a tutar babu. Saboda haka tilas a bambanta abu biyu tun farko. Akwai diyyar rai, wadda za a iya rabawa bisa hukuncin gadon da mamacin ke bi. Akwai kuma kuɗin ciyarwa da na makaranta, wanda ya kamata ya bi kan kowane yaro, ya shiga hannun wadda ke riƙe da shi.

Akwai wasu da ba a cika tunawa da su ba. Wani rahoto da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya ci rai wajen 350,000. Daga cikinsu kimanin 35,000 ne aka kashe da makami. Sauran yunwa da cuta da rashin asibiti ne suka kashe su, galibinsu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Watau a kan kowane mutum guda da harsashi ya kashe, akwai tara da suka mutu saboda an hana noma, an ƙone asibiti, an rufe hanya. Ba asusun da zai iya biyan diyyar waɗannan ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ƙa'idojin suka yarda da biyan jama'a a dunƙule, ta hanyar sake gina makaranta da rijiya da kasuwa da ɗakin shan magani. Amma kada a ɗauki gyaran gari a matsayin sallamar wanda ya rasa ƙafa. Kowanne da muhallinsa.

Haka nan matan da aka sace. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka kwashe cikin watan Afrilu, 2014, da na Dapchi 110 na watan Fabrairu, 2018. Ɗaruruwan mata da ba a san sunan garinsu ba sun sha irin wannan azaba, wasu sun dawo da goyo, dangi suna ƙyamarsu. Ita da ɗan da ta haifa a daji duk waɗanda aka zalunta ne, kuma yaron yana da haƙƙin takardar haihuwa kamar kowane ɗan ƙasa. Sai kuma fararen hular da kuskuren jami'an tsaro ya hallaka, kamar yadda ya faru a Rann ta Jihar Borno cikin Janairu, 2017, da Tudun Biri ta Jihar Kaduna cikin Disamba, 2023. Mudun da ya tsallake su bai cika ba.

Game da ɗan ƙasa da baƙo, darasin yana Kenya. Ran 7 ga watan Agusta, 1998, aka tayar da bam a ofishin jakadancin Amurka da ke Nairobi. Mutum fiye da 200 suka mutu, 12 daga cikinsu Amurkawa, dubbai suka ji rauni. Bayan shekara 25, cikin 2023, mutanen Kenya da abin ya shafa suna nan suna neman diyya. Ƙa'idar da ta fi adalci ita ce a dubi inda abin ya auku da irin cutar da aka yi, ba takardar ƙasar da mutum ke riƙe da ita ba. Bafataken Nijar ko na Kamaru da hari ya rutsa da shi a kasuwar Maiduguri baƙonmu ne.

Nawa ne kuɗin rai?

Ƙasashe uku sun amsa wannan tambaya ta hanya uku, kuma kowace da abin koyi a cikinta.

Bayan harin 11 ga watan Satumba, 2001, wanda ya kashe kusan mutum 3,000, majalisar Amurka ta kafa asusu, aka damƙa shi ga wani lauya, Kenneth Feinberg. An biya fiye da dala miliyan dubu 7. Amma dokar ta ce a yi la'akari da abin da mamacin zai samu da ya rayu, saboda haka iyalin babban ma'aikacin banki suka karɓi ninkin abin da iyalin mai wanke kwanuka suka karɓa, ga shi kuwa gini ɗaya ya faɗa musu. Wannan ya jawo ɓacin rai ƙwarai, har shi Feinberg ya ba da shawara daga baya cewa in irin haka ta sake faruwa, gara a biya kowa daidai. Bugu da ƙari, asusun na wannan hari ne kaɗai. Iyalan mutum 168 da bam ya kashe a birnin Oklahoma cikin 1995 ba a kafa musu irinsa ba. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa a shari'a raƙuma ɗari na diyya ba su ƙaruwa don mamaci attajiri ne, ba su kuma raguwa don talaka ne.

Sifaniya, wadda ta daɗe tana fama da hare-haren ƙungiyar ETA, ta kuma ga harin jiragen ƙasa na Madrid cikin 2004, ta yi doka guda cikin 2011 wadda ta koma baya har zuwa 1960, don kada a bar tsofaffin masu rauni a baya. Ta tsayar da adadi a rubuce: yuro 250,000 in an rasa rai, yuro 500,000 in mutum ya naƙasa har ba ya iya kula da kansa. Wani zai yi mamakin yadda kuɗin mai rai ya ninka na mamaci. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa jinyar wanda ƙashin bayansa ya karye, domin jinya ce ta shekaru, kuma takan hana mutum biyu neman abinci.

Faransa kuwa ta warware matsalar inda kuɗi zai fito. Tun 1986 ta kafa asusu na dindindin, ana ciyar da shi da ɗan kuɗi kaɗan da ake ɗorawa a kan kowace takardar inshorar dukiya. Duk wanda hari ya shafa a cikin ƙasar, ɗan ƙasa ko baƙo, yana da haƙƙi, kuma doka ta ce a ba shi wani abu na somin-taɓi cikin wata guda da neman sa, kafin a gama lissafi. Ba a jiran attajirai su yi alkawari, ba a jiran a kama kowa.

Ba a cewa Nijeriya ta kwafi adadin kuɗin waɗannan ƙasashe, don kowa da gwargwadon aljihunsa, kuma yawan mutanenmu da abin ya shafa ya zarce nasu nesa ba kusa ba. Abin ɗauka shi ne adadi sananne, da asusu mai mafari tabbatacce, da wa'adin biya.

Inda muka tsaya

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 14, ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar gwamnati. A kan wannan aka ɗora matakai da dama. Cikin watan Yuli, 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa Asusun Tallafa wa Waɗanda Ta'addanci Ya Shafa, a ƙarƙashin Janar T. Y. Danjuma mai ritaya. A daren neman gudummawa an yi alkawarin fiye da naira miliyan dubu 58. Asusun ya yi ayyuka a asibitoci da makarantu da wajen marayu da mata, amma wani kaso mai yawa na alkawarin bai shigo ba, har shugaban asusun ya fito fili ya koka. Wannan shi ne aibin dogara ga kyauta: wanda ya yi alkawari a gaban kyamara ba wanda zai kai shi kotu.

Cikin 2017 aka sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas, mai hedkwata a Maiduguri, domin sake gina yankin. Sa'an nan cikin 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar hana ta'addanci, wadda ta maye gurbin ta 2011 da gyaranta na 2013. Ita ce ta tanadi asusun amana a ofishin Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya domin biyan diyya ga waɗanda ta'addanci ya shafa, tare da kwamitin da zai kula da shi. Da yake Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda cikin Nuwamba, 2021, maganar ta shafi mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja kamar yadda ta shafi na Borno da Yobe da Adamawa.

Ke nan rumbu ya samu a doka. Amma rumbu ba ya raba hatsi da kansa, kuma abin da ya fi kowane abu muhimmanci wajen rabo shi ne rajista. In ba a san mutum ba, ba a iya taimakonsa, in kuma kowace hukuma da nata littafi, wani zai karɓa sau uku, wani ko sau ɗaya. Wahalar ita ce wanda ya gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar katin shaida, kuma a ƙauyuka da yawa ba a yanka takardar mutuwa. Saboda haka bai kamata a ɗora wa talaka sharaɗin da ba zai iya cikawa ba. Shaidar mai unguwa ko dagaci, da ta limami ko fasto, da katin asibiti, ya kamata su wadatar, a kuma karanta sunayen a bainar jama'ar garin don wanda aka tsallake ya yi magana, wanda aka cusa kuma a gane shi. Adireshi da bayanin irin cutar da aka yi wa mutum, musamman mata, sirri ne wanda bai halatta ya fita daga ofis ba.

Bayan an kwashe rumfunan makoki

Taimakon sa'o'in farko yana da dokarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 ta kula da masu raunin harbi ta tilasta wa asibitin gwamnati da na kuɗi su karɓi wanda aka harba ba tare da takardar 'yan sanda ba, ba kuma tare da neman kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Mutane da yawa ba su san haka ba, shi ya sa har yanzu wasu ke tsoron ɗaukar mai rauni.

Abin da ya fi wuya shi ne na shekaru. Ƙafar roba takan lalace, yaron da aka yi wa ita kuwa yana girma, sai an riƙa sauya masa. Ƙarfen bam da ya maƙale a jiki yakan tayar da ciwo bayan an manta. Ga kuma ciwon da ba a gani: mutumin da ba ya iya barci, wanda ƙarar fashewar tayar mota ke sa shi rawar jiki, ko yarinyar da ta daina magana. Wannan ciwo ne mai magani, ba hauka ba ne, kuma akwai Asibitin Tarayya na Ƙwaƙwalwa a Maiduguri da irinsa a Kaduna da Kware. Amma likitocin wannan fanni kaɗan ne, don haka dole a koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da malaman makaranta yadda za su gane alamun.

Sai maganar waɗanda suka ɓace, wadda ita ce mafi ɗaci. Cikin 2019 Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya ta ce an kai mata rahoton ɓatan kusan mutum 22,000 a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinta a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne sa'ad da suka ɓace. Matar wanda ya ɓace tana tsaka mai wuya: ba ta yi takaba ba, ba ta da miji a ɗaki, ba a raba gado ba, banki kuma ba zai sakar mata kuɗinsa ba. Dokar Shaida ta 2011 tana ɗaukar mutum ya mutu in an shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. A mazhabar Malikiyya hukuncin da aka fi sani shi ne ta kai magana gaban alƙali, a jira shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Ko huɗu ko bakwai, yara ba su iya jiran abinci. Wasu ƙasashe, kamar Ajantina cikin 1994, sun ƙirƙiro takardar shaidar ɓata, wadda ke ba iyali damar karɓar haƙƙi ba tare da an tilasta musu su ce mutuminsu ya mutu ba. Abu ne da ya cancanci masu yin doka su duba.

Akwai wani ƙorafi da bai kamata a kauce masa ba. Tun 2016 soja ke gudanar da shirin gyaran halin tubabbun 'yan Boko Haram a Malam Sidi ta Jihar Gombe, inda ake koya musu sana'a kafin a mayar da su cikin jama'a. Hujjar shirin ita ce duk wanda ya ajiye makami an rage mai kashe mutane guda. Amma matar da ke zaune a sansanin gudun hijira, ta ga an sallami irin waɗanda suka kashe mijinta da jari a hannu ita kuwa ba ta da komi, tana da dalilin jin zafi. Maganin wannan shi ne kada abin da ake kashewa a kan tubabbe ya zarce wanda ake kashewa a kan wanda ya cuta, a kuma shawarci mutanen gari kafin a kawo musu shi. Haka nan shari'a. An fara gurfanar da ɗaruruwan waɗanda ake tuhuma a Kainji ta Jihar Neja cikin Oktoba, 2017. Ƙa'idojin duniya sun ce a sanar da wanda aka cuta halin da shari'a ke ciki, a saurari bakinsa, a kuma kare shi in ya ba da shaida. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba kotu ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya diyya.

Jama'a ma da nasu kason. Hoton gawa da ake yaɗawa a waya ɗan wani ne, kuma sau da yawa ta nan uwa ke fara jin labari.

Wanda abin ya shafa, ko danginsa, ya adana katin asibiti da rasiɗin magani da duk wata takarda, ya rubuta rana da wurin da abin ya auku da sunayen shaidu tun ba a manta ba. Ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya sanar da mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiharsa. In an nemi ya ba da wani abu kafin a sa sunansa, ko an hana shi abin da aka ba wasu, yana iya kai kuka ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, mai neman lauya kuma ya tuntuɓi Hukumar Taimakon Shari'a. Suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi, kuma ba a biyan kuɗi wajen shigar da koke.